Darasi na 14: Hayaƙin Wa Muke Shaƙa? Auna Iska a Maƙwabtan Tashar Lantarki

Matar da ta shanya farin zane da hantsi, ta dawo da la'asar ta tarar da shi da ɗigo-ɗigon baƙi, ba ta jiran wani masani ya gaya mata akwai abin da ke yawo a iska. Haka mai asma wanda ƙirjinsa ke kamawa tun kafin kiran assalatu. Abin da suka sani gaskiya ne, sai dai ba ya tsallake ƙofar ofis. Ranar da mutanen unguwa suka yi gayya suka kai kuka tashar lantarkin da ke bayan gari, za a ba su kujeru, a kawo ruwa mai sanyi, a saurare su har su dasa aya, sannan a yi musu tambaya guda: da me kuka gane hayaƙinmu ne? Ga hazon hunturu, ga tirelolin da ke wucewa dare da rana, ga janareta a ƙofar kowane shago, ga bola tana ci tun shekaranjiya. Sai kowa ya yi tsit, a koma gida rai a ɓace.

Kada ku ɗauki tambayar nan raini. Ko da mai yin ta so yake ya zille, tambaya ce mai kyau, kuma tana da amsa. Yau za mu koyi yadda ake nemo amsar da ido, da littafin rubutu, da ɗan lissafin da muka riga muka iya, da 'yan na'urorin da ƙungiyar unguwa za ta iya yin karo-karo ta saya.

Abin da aka zuba a wuta

Ba kowace tasha ke hayaƙi ba. Kainji da Jebba da Shiroro ruwa ne ke juya injinansu, ba sa ƙona komai. Waɗanda suka shafe mu su ne masu hura wuta, kuma abin da kowacce ke fitarwa ya danganta da abin da take ci.

Ku dubi ta Anu Araren, kusa da Cirozerin a jihar Agadas ta Nijar. An kafa kamfanin SONICHAR mai ita a 1975, tashar kuma ta fara ba da wuta a 1981. Kwal, wato gawayin ƙasa, ake haƙowa a nan kusa da ita, a ƙona shi, a tafasa ruwa, tururin ya juya farfela, farfelar ta juya janareta. Injina biyu ne, kowanne megawat 18.8, kuma don wurin haƙar yuraniyom na Arlit aka gina su, tare da ba Agadas da Cirozerin da garin Arlit wuta. Megawat ɗaya daidai yake da ƙananan janaretoci dubu masu kilowat ɗaya-ɗaya. Kwal ko na ina ne ba ya ƙonewa ƙurmus. Yana barin toka, wata ta zube a ƙasan tukunya, wata mai laushi kamar garin fulawa ta bi hayaƙi sama in ba a tare ta ba. Akwai kuma farar wuta a jikinsa.

Ta Goru Banda da ke gefen Yamai, wadda aka buɗe a 2017, manyan injina ne masu shan man gas ko baƙin mai. Baƙin mai shi ne ragowar nan mai kauri da ke saura bayan an tace fetur da kananzir da man gas. Ya fi araha, ya kuma fi yawan farar wuta. A Najeriya kuwa yawancin tashoshi iskar gas suke ƙonawa, tun daga babbar nan ta Egbin a Ikorodu mai megawat 1,320 har zuwa ƙaramar ta Maiduguri mai megawat 50 da aka ƙaddamar a 2023. Gas ya fi su duka tsabta. Ba ya barin toka, farar wutarsa kuma ba ta taka kara ta karya ba. Amma rashin ganin hayaƙi bai zama shaidar babu komai ba, kamar yadda za mu gani.

Wani zai ce mu garinmu babu tasha. Katon janaretan da ke ruri a bayan kasuwa, ko na masana'antar shinkafa, ko na otal, tasha ce ƙarama, kuma bakin salansarta ya fi kusa da hancinku fiye da dogon bututun babbar tasha. Duk abin da za mu koya ya hau kanta.

Abubuwa uku da ake nema

Na farko, kuma wanda ya fi kisa, shi ne ƙura. Ba wadda kuke kakkaɓewa daga riga kaɗai ba. Masana sun kasa ta bisa girman ƙwayarta. Kaurin silin gashin mutum yana tsakanin maikuromita 50 zuwa 70, maikuromita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ƙwayar da ba ta wuce maikuromita 10 ba ana kiran ta PM10, wadda ba ta wuce 2.5 ba kuma PM2.5. Ta biyun nan, sai an jera ashirin da 'yan kai kafin su cike faɗin gashi guda. Manyan ƙwayoyi gashin hanci da majina suna kama su, mu fyace ko mu yi kaki. Ƙananan wucewa suke yi har ƙuryar huhu, mafi ƙanƙantar cikinsu ma su ratsa su shiga jini. Shi ya sa illarsu ba ta tsaya ga tari da asma ba, ta kai ga ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da sankarar huhu, da haihuwar jarirai marasa nauyi. Ƙonuwa ce ke haifar da mafi yawan irin wannan ƙurar. Kunkunniyar da ke rataye a rufin ɗakin girki 'yar uwarta ce, ita ce dai ta sami wurin zama ba ta tafi yawo ba.

Na biyu shi ne hayaƙin farar wuta, wanda ake rubutawa SO2. Duk wanda ya ƙyasta ashana kusa da hancinsa ya san yajinsa. Daga kwal da baƙin mai yake fitowa, kuma cikin 'yan mintuna yakan ƙuntata numfashin mai asma. Na uku shi ne NO2. Wannan ba sai mai yana da datti ba. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, ba ta cutar da kowa, amma idan ta shiga tsananin zafin wutar inji sai ta haɗu da oksijin ta zama abu mai fusata huhu, musamman na yara. Tashar gas ma tana fitar da shi, motoci da janaretoci ma haka. Wani lokaci akan hango shi ruwan ƙasa-ƙasa da ɗan rawaya a bakin bututu.

To da wane mudu ake auna su? Ana cewa maikurogiram kaza a cikin mita kubik ɗaya na iska. Kada sunan ya firgita ku. Mita kubik lita 1,000 ne, wato jarkar ɗan garuwa mai lita 25 guda 40. Maikurogiram kuma giram ne aka raba gida miliyan. Ƙaramin dunƙulen Maggi giram 4 ne, ke nan maikurogiram miliyan 4. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta ƙa'idarta, ta ce PM2.5 kada ya wuce 15 a matsakaicin yini da dare guda, kada kuma ya wuce 5 a matsakaicin shekara. Na PM10 shi ne 45 a yini, 15 a shekara. SO2 40 a yini. NO2 25 a yini, 10 a shekara. Abin kamar wasa, ɗan abin da ko a kan farce ba za a gan shi ba. Amma baligi yana shaƙar iskar da ta haura lita 10,000 kullum, jarka 400 ke nan, kuma ba ya hutu ko ranar Sallah. Hukumar ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska, ta waje da ta cikin gida, tana jawo mutuwar mutane wajen miliyan 7 duk shekara.

Inda hayaƙi ke sauka

A nan ne akasarin masu koke suke kuskure. Sukan ɗauka gidan da ya fi kusa da katangar tasha shi ya fi shan hayaƙi. Ƙarar inji da ƙurar tulin toka, ƙwarai, na kusa ne ke shan su. Amma hayaƙin dogon bututu da zafinsa yake fita, ya yi sama, iska ta kwashe shi, ya tsallake na gindinsa ya je ya sauka can gaba, wani lokaci a ƙauyen da mutanensa ba su ma cika tunawa da tashar ba. Don haka kafin a tambayi nawa ne a iska, sai an san ina iskar ta dosa.

A wannan fanni mu 'yan sa'a ne, domin iskarmu tana da ɗabi'a biyu sanannu. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris daga arewa maso gabas take busowa. Idan kun fuskanci alƙibla, za ku ji ta tana bugo ku ta gaba, a ɗan karkace wajen kafaɗar hagu. Da damina sai ta juya, ta riƙa zuwa daga kudu maso yamma, ɗauke da laimar teku. Ku lura, da inda iska ta fito ake kiran ta, ba da inda za ta ba. Unguwar da ke kudu maso yamma da tasha ita ce a bakin hayaƙi da hunturu. Da damina ta huta, ta arewa maso gabas ta karɓa. Ku riƙe wannan juyin da kyau, domin shi ne babban mashaidinku.

Iskar hunturu kuma ba ta zuwa hannu rabbana. A ƙasar Cadi, arewa maso gabas da Tafkin Cadi, akwai kwarin Bodele, busasshen gindin wani tsohon tafki. Iska takan matso ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta kwashi garin ƙasar wurin, har masana suna lissafa shi a matsayin wuri guda da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Kaso mai yawa na hazon da ke rufe Damagaram da Kano da Maiduguri daga can yake. A ranar hazo mai kauri, lambar 15 ɗin nan ana wuce ta nesa ba kusa ba, ko da babu masana'anta ko ɗaya a lardin. Wanda ya je wurin manajan tasha da lambar ranar hazo yana cewa ga laifinku, manajan zai nuna masa hamada da yatsa, kuma shi ne mai gaskiya.

Akwai kuma lokaci. Kun sha ganin hayaƙin girki da asubar hunturu ya ƙi tashi, ya kwanta a kan gari kamar an shimfiɗa mayafi. Dalili shi ne, da rana ƙasa tana da zafi, iskar da ke kanta ta ɗumama ta yi sama da duk abin da ke cikinta. Da dare kuwa, in gari ya yi garau babu gajimare, ƙasa takan huce da sauri, iskar ƙasa ta yi sanyi ta yi nauyi, mai ɗumi ta zauna a kanta kamar faifai a bakin ƙwarya. Duk abin da aka ƙona a ƙarƙashin faifan nan yana nan ba ya fita. Irin wannan ne ya faru a Landan daga 5 zuwa 9 ga Disamban 1952, lokacin da hayaƙin kwal na gidaje da masana'antu da tashoshin lantarki irin su Battersea ya kwanta a kan birnin kwana biyar. Ƙidayar farko ta ce mutum 4,000 suka mutu, binciken baya ya kai adadin wajen 12,000, kuma a 1956 aka kafa dokar tsabtace iska a ƙasar.

Ga wani abin lura da zai yi muku amfani. Murhu da janareta da bola duk a ƙarƙashin faifan suke, saboda haka nasu hayaƙin da dare da asuba ya fi taruwa. Dogon bututu kuwa sau da yawa bakinsa ya zarce faifan, sai hayaƙinsa ya kwana a sama yana tafiya siriri kamar zare. Rana na fitowa ƙasa ta ɗau zafi, iska ta fara juyawa sama da ƙasa, sai ta jawo shi ta sauke a kan mutane da hantsi. Ashe lokacin da wari ya zo ma yana faɗin ko ɗan gidan wa ne.

Kayan aiki, daga mai araha zuwa mai tsada

Na farko littafi ne mai ganye arba'in, da ƙyalle ɗaure a kan dogon gora a fili, inda gini ko bishiya ba su tare iska ba. Sau uku a rana, bayan sallar asuba, da hantsi, da bayan magariba, mutum ɗaya ya rubuta kwanan wata, da lokaci, da inda iska ta fito, da launin hayaƙin tasha, da ko akwai wari, da ko tashar tana aiki. A ƙarshen layi ya ƙara abin da ya faru a unguwa: an ƙona bola, an yi girkin biki, an yi ruwa, hazo ya sauko. Na san wasu za su raina wannan aiki, su ce ina na'ura. A ganina, in za a ba ni zaɓi tsakanin na'ura babu littafi da littafi babu na'ura, littafin zan ɗauka. A rubuta har ranar da ba a ga komai ba. Littafin da ranakun ɓacin rai kaɗai ke cikinsa ba ya zama hujja.

Don launin hayaƙi akwai tsohuwar dabara da wani malami Bafaranshe mai suna Ringelmann ya fito da ita tun ƙarshen ƙarni na 19. Kati ne mai gidaje daga 0 zuwa 5. Sifiri fari ne fat, 5 baƙi ƙirin, na tsakiya kuma layuka ne baƙaƙe da ke ƙara kauri, waɗanda in an hango su daga nesa sai su narke su zama ruwan toka. Ana tsayawa rana tana bayan mutum, a kwatanta duhun hayaƙi a daidai bakin bututu da gidajen katin, a rubuta lambar da ta fi kama. Da haka "hayaƙi ya yi yawa" ya koma "lamba 3, minti ashirin". Ku kiyayi ruɗuwa da tururi. Tururin ruwa fari ne, kuma yana ɓacewa kaɗan bayan ya fito. Hayaƙi yana jan wutsiya mai tsawo.

Sai farin kwali da aka shafa wa man basilin, a rataye shi a ƙarƙashin inuwar rufi har mako guda. Ba ya ba da lamba, kuma manyan ƙwayoyi ya fi kamawa, amma yana nuna launi. Ƙurar hazo fari-fari ce ko ja-ja. Tokar kwal ruwan toka ce. Baƙin hayaƙin mai kuwa in kun goga da yatsa sai ya dame kamar baƙin tukunya. A rubuta wuri da kwanan wata a bayan kowane kwali, a adana shi a leda.

Daga nan sai ƙaramar na'urar auna ƙura, wadda girmanta bai wuce kwanon sha ba. Aikinta kun taɓa ganin irinsa: hasken rana ya ratso ta hudar ƙofa cikin ɗaki mai duhu, sai ga ƙura tana rawa a cikinsa. A cikin na'urar akwai 'yar fanka mai zuƙo iska, da siririn haske, da idon da ke ƙirga walƙiyar duk ƙwayar da ta gitta, sannan ta juya ƙidayar zuwa maikurogiram ta aika wa waya. Akwai irin su PurpleAir na Amurka, akwai kuma na AirQo da aka ƙera a Jami'ar Makerere ta Kampala, waɗanda aka yi su don su jure ƙura da ɗaukewar wuta irin tamu. Ana kafa ta a tsayin da ya ɗan wuce kan mutum, mita biyu zuwa uku, inda iska ke ratsawa kuma ruwa ba ya duka, nesa da murhu da salansar janareta da tukubar mai tsire.

Tana da aibi, kuma gara ku san shi kafin wani ya faɗa muku a gaban taro. Da damina laima takan kumbura ƙwayoyin ƙura, sai na'urar ta faɗi fiye da gaskiya. Manyan ƙwayoyin hazo kuma ba ta iya ƙirga su daidai. Ba ta kai manyan na'urorin hukuma ba. Maganin abin shi ne wanda kowace mai awo ta sani: kafin a yarda da mudu biyu, sai an gwada su da hatsi ɗaya. Ku kafa na'urorinku biyu gefe da gefe har mako biyu. In ɗaya kullum tana ɗara 'yar uwarta da kaɗan, ku rubuta bambancin, ku riƙa cire shi daga baya.

Wannan na'urar ƙura kaɗai take gani. Don NO2 da SO2 akan yi amfani da wani ɗan bututun roba mai tsawon yatsa, da sinadari a ƙuryarsa. A buɗe bakinsa, a rataye shi mako biyu zuwa huɗu, a rufe, a kai ɗakin gwaji. Ba ya bukatar wuta. A nan sai an nemi hannun sashen nazarin sinadarai na jami'a ko kwalejin kimiyya da ke kusa. Maƙwabtan tashar gas, wannan bututun ya fi muku amfani a kan na'urar ƙura.

Lamba ɗaya ba ta magana

Yanzu mun zo gundarin darasin. Na'ura ɗaya tana gaya muku iska ta ɓaci. Ba ta gaya muku wanda ya ɓata ta. Sai da biyu: ɗaya a inda iska ke fitowa kafin ta iso tasha, ɗaya a inda take zuwa bayan ta wuce ta. Ta farko tana auna abin da iska ta zo da shi daga wani wuri. Ta biyu tana auna wannan ɗin, haɗe da abin da aka ƙara mata a hanya. Ragowar da ke tsakaninsu ita ake nema.

Bari mu ƙaddara misali, lambobin na koyo ne kawai. A ce akwai na'ura a makarantar firamare arewa maso gabas da tasha, wata kuma a ɗakin shan magani kudu maso yamma da ita. Wata Talata a watan Janairu makaranta ta nuna 120, ɗakin shan magani 124. Duka biyun sun yi muni, amma ragowar 4 ce kacal, littafi kuma ya ce hazo ya rufe gari. Wannan aikin hamada ne. Ranar Asabar gari ya washe, makaranta ta nuna 30, ɗakin shan magani 75, mafi yawan hauhawar kuma tsakanin ƙarfe tara da sha ɗaya na safe, a daidai lokacin da littafi ya ce hayaƙi lamba 3, iska daga arewa maso gabas. Lambar Asabar ba ta kai ta Talata ba, amma ita ce mai magana, domin ragowarta 45.

Duk da haka kada a yi saurin yanke hukunci. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Wataƙila akwai gidan burodi mai ƙona itace a bayan ɗakin shan maganin. Sai a jira damina. Idan iska ta juya, aka ga yanzu makaranta ce ke ɗara ɗakin shan magani, to abin da ke ƙara ƙurar yana tsakaninsu ne, ba a bayan ɗayansu ba. Saura a tambaya: ban da tasha, me ke tsakanin? Tashar mota? Kasuwa? Nan kuma sai ranakun da tashar ba ta aiki su raba gardama. Tashoshinmu dai ba su da rowar irin waɗannan ranaku, yau gyara, gobe babu gas. Abin da ke sa mu kwana a duhu shi ne ke ba mu gwaji kyauta. In ragowar ta ɓace duk ranar da injina suka yi shiru, ta dawo ranar da suka tashi, an sami amsar tambayar nan ta ofis.

Wannan yana nufin aikin ba na mako guda ba ne. Sai an ga hunturu, an ga damina. Kuma a shirya wa abin da awo zai faɗa, domin ba ya sanin mai shi. Yana iya wanke tashar tas, ya nuna cewa ƙurar da ta fi yawa a unguwa tana tashi ne da magariba, lokacin da kowane gida ya hura itace, kowane shago ya ja janareta. A ɗakin girki mai murhun itace lambar kan haura ɗaruruwa, kuma uwa da goyonta ne a ciki. Laifi tudu ne. Ƙungiyar da ta ɓoye irin wannan sakamako, ranar da ta zo da na gaskiya ma ba mai yarda da ita.

Idan ma'aikacin ɗakin shan magani ya amince, a roƙe shi jimillar masu zuwa da tari ko sarƙewar numfashi kowane mako, adadi kawai, ba suna. A ajiye shi gefen lambobin iska. Amma a tuna mura da tari suna ƙaruwa da hunturu ko'ina, don haka wannan ƙarin haske ne, ba ya tsayawa shi kaɗai.

Kai takarda inda ta dace

A taƙaita komai a shafi biyu: taswirar unguwa da hannu, da alamar inda tasha da na'urori suke, da matsakaicin kowane wata, da ranakun da ragowa ta yi yawa. A bi ta hannun mai unguwa da dagaci, a fara da tashar kanta. Tambayoyin da za a yi mata su zama masu amsa. Wane mai kuke ƙonawa, farar wutarsa kashi nawa ce? Yaushe aka auna bakin bututu na ƙarshe, me aka samu? Matatar da ke tare toka tana aiki? Ina ake zubar da tokar, ana jiƙa ta ko rufe ta? Duk waɗannan suna da magani sananne, daga canza mai zuwa gyaran matata, har da wanke hayaƙi da ruwan farar ƙasa don cire farar wuta.

In ba a sami biyan bukata ba, a Najeriya akwai ma'aikatar muhalli ta jiha, da hukumar NESREA da aka kafa a 2007 don tilasta bin dokokin muhalli. Tun 1992 doka ta wajabta a yi nazarin illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ku damar neman takarda a hannun hukumar gwamnati a rubuce, ta amsa cikin kwana bakwai. A Nijar ofishin da ke duba irin wannan nazari shi ne BNEE. Kowace wasiƙa a yi ta biyu, a sa a buga hatimin karɓa a kan taku.

Tambayoyi da aikin gida

1. Garinku yana arewa maso gabas da wata tasha. A wane lokaci na shekara hayaƙinta zai fi zuwa muku? Me ya sa?

2. Wata na'ura ta nuna 20 da asuba, 60 da hantsi, 28 da la'asar, 44 da dare. Ku fitar da matsakaicin lambobin huɗu. Sau nawa ya ninka ƙa'idar PM2.5 ta yini guda, a kimance?

3. Na'urori biyu, ta gaban tasha da ta bayanta, duk sun nuna sama da 100 a rana ɗaya. Wani dattijo a taro ya ce a rubuta wa hukuma yau-yau. Da wane lafazi za ku ba shi amsa, ba tare da kun kunyata shi ba?

Kafin zama na gaba, ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya zaɓi abu ɗaya mai hayaƙi a kusa da shi, tasha ce, ko babban janareta, ko gidan burodi. Ku kafa gora da ƙyalle, ku rataye kwali biyu masu basilin, ɗaya ta inda iska ke fitowa, ɗaya ta inda take zuwa, ku cika littafi na kwana bakwai. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna, shi zai riƙa duba ƙyalle da hayaƙi yana faɗa, wani yana rubutawa. Ku zo da kwalayen a cikin leda, kada su gogi juna.